Amsa: mawaƙan da waƙa ɗaya ta ɗaga

Ɗan'uwa, ka tambayi wace ce gwanarmu cikin waƙoƙin da suka ɗaga masu su sau ɗaya, daga nan shiru. Ni dai Macarena ce, ta Los del Río, dattijai biyu 'yan Sifaniya. A 1996 sai da ta yi mako 14 tana ta ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka.

Lokacin ina tuƙi a Jidda, na yi ta juya kaset ɗin har zaren ya tsinke, na liƙe da salatif. Ko kalma ɗaya ba na ji, gyaɗa kai kawai nake yi. Amma fa a wurinmu ne suke masu waƙa ɗaya. A ƙasarsu tun shekarun 1960 suke waƙa.