Maƙerin fari da ɗansa mai gyaran agogo

Tambaya: Malam, ina rubuta tarihin gidanmu. Kakana zobba da 'yan kunne yake ƙerawa a wani ƙaramin gari, mahaifina ya ƙara da gyaran agogo a shagon. Na rubuta cewa kakana "mai sayar da gwal" ne. Daidai ne?

Amsa: A'a, Malama, kin rage wa tsoho daraja. Mai sayarwa ɗan kasuwa ne. Wanda ya narka, ya zuba, ya goge, maƙeri ne, kuma maƙerin fari, mai aikin zinariya da azurfa da tagulla. Na baƙi shi ke yin gatari da lauje. "Gwal" kuwa, kunnena ya gaji da ita. Turanci ce aka lanƙwasa, alhali ga zinariya a ajiye. Na san za a ce ita ma aro ce. Gaskiya ne, daga dinarin Larabawa ta fito, su ma sun karɓo daga "denarius" na Rumawa, azurfa kuma daga bakin Buzaye. To amma baƙon da ya yi jikoki a gida ai ba ɗaya yake da wanda ya sauka jiya ba.

Haɗa sana'o'in nan biyu da gidanku ya yi tsohon abu ne. A Janeba ta ƙasar Suwizalan, da malamin addinin Kirista John Calvin ya hana ado da kayan ƙawa a 1541, maƙeran zinariya suka koma ƙirar agogo, har suka kafa ƙungiyarsu a 1601. Mutumin da ya saba maƙala tabarau a ido ɗaya, ya ɗauki ƙwayar lu'ulu'u da hantsaki yana riƙe numfashi kada ta faɗi, 'yan haƙoran cikin agogo ba za su gagare shi ba.

Tambaya: Agogo Hausa ce?

Amsa: Yarbanci ce, ƙararrawa take nufi. Mu ma "ƙarfe biyu" muke cewa, don ƙarfe ake bugawa a sanar da lokaci.

Tambaya: Malam, "ɗan na gada ya fi ɗan na koya" ba cin fuska ba ne ga masu koyo?

Amsa: Ɗan'uwa, masu jefa ta a ko'ina su suka sa ta zama haka. Ba jini karin maganar ke yabo ba, daɗewa take yabo. Yaron da ya tashi yana zuga, yana tsince ɓurɓushin azurfa a ƙasa, ya yi shekara goma yana koyo kafin a ce ya fara. Kuma gado ba ya hana zamani juyawa. Da kamfanin Seiko ya fito da agogon hannu mai batir a 1969, agogon da ake murɗawa da hannu ya ja baya, ɗan na gada da yawa ya koma canjin batir da maɗauri. Af, a ja wasalin farko in gādon uba ake nufi. Na sha jin masu karanta labarai suna raba wa magada abin kwanciya.

Tambaya: Daƙiƙa minti ce ko sakan?

Amsa: A Larabci minti ce. A bakin yawancinmu ta koma sakan. In za ka rubuta, faɗi wadda kake nufi.