Amsar Baffa kan hular mRNA da ake sauya wa siffa

Ɗana, wa alaikumus salam, na ga saƙonka. Ka ce a lab ɗinku duk mai haɗa mRNA (zaren saƙon da ƙwayar halitta take karantawa ta ƙera furotin) a kwalba sai ya zuba hular haɗi kashi 4 a kan GTP (tubalin harafin G da ake gina zaren da shi) kashi 1, kuma ba a sayen hula irin ta asali sai wadda aka sauya wa siffa, ARCA, sannan ana sa ku yin wani gwaji daban da wata hular bogi, ApppG, wanda kai kake ganin ɓarnar kuɗi ce, ka tambayi na gaba da kai ya ce maka haka aka saba. Toh haka ɗin aka saba, amma kowace ɗaya akwai wahalar da ta haife ta, kuma ni ban so ka riƙa yin abu da hannunka kanka bai san dalili ba.

Ita hular nan a tsakiyar shekarun 1970 aka gano ta, su Furuichi da Shatkin da Moss suka gan ta a jikin mRNA na wasu ƙwayoyin bairos. Guanosin ne (harafin G) guda ɗaya mai ɗauke da metil a gurbi na 7, wato m7G, an maƙala shi a bakin zaren a juye, da fosfet uku a tsakani. A 1978 Sonenberg ya kamo furotin ɗin da yake riƙe ta, wanda yanzu ake kira eIF4E, shi ne yake fara jawo ribosom, injin ƙera furotin, ya zo ya karanta saƙon. To tun lokacin masana suka gane idan kana son sanin me wani sashe na hular yake yi, sai ka taɓa wannan sashen kaɗai ka ga me zai lalace, kamar mai goge haƙori ɗaya a jikin makulli ya ga ko kwaɗon zai buɗe. Ka cire metil ɗin nan na 7, eIF4E zai sake ta, domin shi tsakanin wasu tubalan jikinsa guda biyu da ake kira triptofan yake matse ta kuma metil ɗin ne yake ba ta cajin da take mannewa da shi.

Maganar ARCA kuwa, da can m7GpppG, wato hula irin ta asali, ake zubawa, sai a 1995 aka nuna cewa inzayim ɗin da yake rubuta zaren ba ya bambance kai da gindi, don kowane ɓangare yana da wurin da zai iya kamawa ya ɗora, kaga kenan kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi na mRNA ɗinka hularsa a juye take, eIF4E ba zai kula ta ba, kai kuma kana can kana auna furotin kana cewa gene ɗinka bai yi aiki ba. Su Darzynkiewicz na jami'ar Warsaw a Poland tare da Rhoads na Louisiana a Amurka ne suka toshe wannan ƙofa a 2001, suka sa metil a gurbi na 3 na sukarin m7G ɗin yadda dole ta ɗaya ɓangaren za a fara. Shi ne ARCA, ba wani abu ba.

Kashi 4 da 1 ɗin ma lissafi ne. T7, inzayim ɗin da yake rubuta zaren, da G yake fara rubutu, hular da GTP suna rige-rigen wuri ɗaya, sai a rage GTP don hula ta riƙa cin tseren, a samu kusan 80 cikin 100 masu hula, amma fa ka biya da yawan abin da za ka girba tunda GTP ɗin ake buƙata a sauran zaren. Ragowar marasa hular kuma fosfet uku ne tsirara a bakinsu, RIG-I, furotin mai gadin ƙwayar halitta, na ganinsu zai ɗauka bairos ne ya shigo ya tayar da ƙwayar halittar, shi yasa masu hankali suke bi da fosfatas, inzayim mai cire fosfet, kafin su zuba. In wata rana kuka koma nau'in hula na CleanCap na kamfanin TriLink, irin wanda aka yi rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da shi, to ka ajiye wannan lissafin, shi da haruffan AG yake farawa ba ya kokawa da GTP, sai dai ka gyara farkon DNA ɗinka ya dace. Kuma yana ba ka hula mai ƙarin metil a nukiliyotaid (harafin zaren) na farko, wadda IFIT1, wani furotin mai yaƙi da bairos, ba ya damƙewa.

Abin da ya fi burge ni wallahi aikin su Jemielity da Kowalska ne, can Warsaw ɗin dai. Dcp2 shi ne yake yanke hular in lokacin rushe mRNA ya yi, sai suka cire oksijin ɗaya a fosfet na tsakiya suka sa salfa, ƙwayar zarra ɗaya tak, yankan ya yi wa Dcp2 wuya, mRNA ya ƙara kwana. Kuma sauyin yana fitar da siffa biyu, D1 da D2, ba ɗaya suke aiki ba duk da kayan haɗinsu ɗaya ne. A 2022 ma Rentmeister a Jamus ta fito da hular da aka rufe da wani sinadari, ba a karanta saƙon sai an haska mata haske, kai ne mai zaɓar lokacin da furotin zai fara fita.

ApppG ɗin da kake son yarwa, don Allah kar ka yar. Tana kare bakin zaren daga masu cinye shi amma eIF4E ba ya kama ta. In ka gwada mRNA mai hula da marar hula kawai, ka ga bambanci, ba za ka iya cewa karatu ne ya tsaya ko zaren ne ya ruɓe ba, ApppG ce take raba maka gardamar, kuma duk mai duba takardarka da ya san aikin sai ya nemi wannan gwajin. In kuɗi ne matsala ku haɗu da ɗalibai biyu uku ku sayi kwalba ɗaya, ku raba ta ƙanana a firiza don kar a yi ta narkarwa ana daskarwa, balle yadda wuta take a wajenmu.

Tunda ka ce kana tunanin aikin digirinka ya koma kan sammore, ka sani ƙwayar da ƙudan tsando yake yaɗawa tata hular daban ce, cap 4 ake ce mata, nukiliyotaid huɗu na farko duk da metil a jikinsu, don haka abin da ARCA ya nuna maka a ƙwayar mutum kar ka ɗauka haka yake a can. Ka leƙa cibiyar binciken cutar da ke Kaduna ka ji irin ƙwayoyin da suke renowa kafin ka rubuta tsarin aikinka, ka turo min in duba. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka