Amsoshin Tambayoyinku: Idan Wuta Ta Yi Ƙasa, Wa Ke Gadin Na'urarka?

Wata ɗaliba daga Barnawa ta rubuto: "Na haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino Uno. Da zarar wuta ta yi ƙasa ta dawo sai ya sandare, wani lokaci lissafin kwanaki 21 ɗin ya ɓace. An kusa duba aikin, ko barci ba na yi."

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, aikinki bai lalace ba. Arduino Uno ƙaramin allo ne da ake sa wa shiri ya sarrafa na'ura. ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar da ke kan allon, yana gudu a 16MHz, kuma a wannan gudun yana son wutar da ta kai kusan bolt 3.8. Amma mai tsaron da ke cikinsa sai wuta ta sauka 2.7 yake kashe shi. A tsakanin nan ne yake rikicewa har ya rubuta shirme cikin EEPROM, ma'ajiyar da ke riƙe lissafi ko an ɗauke wuta. Ki ɗaga wannan iyakar zuwa 4.3, ko ki sa MAX705, wani ɗan maigadin wuta da ake ƙarawa a allo. Shi yana riƙe ƙafar risat, wadda ke tsayar da allon ya sake farawa daga farko, da zarar wuta ta gaza 4.65. Yana kuma da ƙafar PFI mai faɗakarwa a 1.25: ki raba wutar da resista biyu tun kafin ta shiga regileta (mai daidaita wutar allon), ki kai wa PFI, ki sa babbar kafasita mai riƙe caji, sai injin ya samu ɗan lokacin adana lissafinsa kafin ya mutu. In shirin ya maƙale sakan 1.6, ƙafarsa ta WDO mai nuna maƙalewar za ta sauka. Haɗa ta da MR, ƙafarsa ta risat da hannu, allon zai tashi da kansa.

Wani daga Kawo: "Resista da kafasita ba su isa risat ba? Me zai sa in ƙara kashe kuɗi?"

Malam, a Kaduna kake ko? Wutar da ke ƙiftawa ta dawo kafin ka ce kwabo, yaushe kafasitarka ta sauke cajinta? Kuɗin katin waya kake ƙyashi a kan allon da ka zuba dubbai.

Mai gyaran inbata a Tudun Wada ya ce an yi masa tayin MAX809, shi ma ɗan maigadin wuta mai riƙe risat, cike da leda, rabin kuɗi.

Ɗan'uwa, kada ka saya sai ka gwada. Abin nan ƙafa uku ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, rubutun kansa sai da tabarau. Shi ya sa masu jabu ke sonsa: a kankare wani abu daban a buga masa lamba, ko a ɓamɓaro daga tsohon allo a wanke. Ko na gaskiya ne, harafin ƙarshe ma magana ne. Mai L yana aiki a bolt 4.63, mai T a 3.08, mai R a 2.63. Ka sa mai R a allon bolt 5, ka sa maigadin da sai ɓarawo ya gama kwasa yake farkawa. Abin da ke ba ni takaici, na jabu ba ya nuna kansa a shago. Inbata za ta yi aiki lafiya a kan teburinka, sai ta je gidan mai ita, batir ya yi sanyi da tsakar dare, ta ƙone MOSFET, makunnin lantarkin da ke ɗaukar nauyin wutar inbata. Ranar sunanka za a kira, mai ledar kuwa ya yi gaba.

Gwajin ba wuya. Ɗauki biyar daga tsakiyar ledar, kada ka karɓi wanda ya zaɓo maka. Ba shi bolt 5, ɗora mita a ƙafar risat, ka riƙa rage wutar sannu a hankali. Mai L ya kamata ya faɗi sifili a wajen 4.6. In ɗaya ya saɓa, mayar masa da ledarsa gaba ɗaya, kuma in mai kaya ya hana gwaji, kada ka tsaya ciniki.