Tambaya da Amsa: Na'urar gona ta ƙi ganin sabar da na ɗora a minikube

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni ɗalibin kwamfuta ne, ina wani ƙauye a yankin Kura inda muke noman rani. Na haɗa wata ƴar na'ura da ESP32 (ƙaramin allon lantarki mai waifai) tana auna danshin ƙasa a gonar tumatir ɗin babanmu, so nake ta riƙa turo sakamako zuwa saba. Kafin in kama ta haya a intanet nace bari in gwada a laftof ɗina tukunna, na saka minikube (ƙaramin Kubernetes na gwaji, wato manhajar da ke tafiyar da saba a cikin kwantena) na ɗora Mosquitto, sabar da zata karɓi saƙon na'urar, a ciki, ya nuna min Running amma wlh kwana uku kenan na'urar ta ƙi haɗuwa, ga data tana ta zuƙewa duk sanda na goge na sake. Laftof ɗin Windows ce, ram 4GB. Dan Allah a taimaka. Ƙaninka daga Kura.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya sa albarka a tumatir ɗin nan. Running ɗin da ka gani ba ƙarya yayi maka ba, sabar tana aiki, matsalar ita ce tana can ƙuryar ɗaki. Kaga minikube gida ne a cikin laftof ɗinka, da nasa adireshin daban, kwantenar Mosquitto kuma ɗaki ce a cikin wannan gidan. Ita ESP32, in kan hosfot ɗin wayarka take tare da laftof ɗin, iyakarta ƙofar soro, adireshin laftof kawai ta sani, tana ta sallama ba mai iso.

Toh sai ka yi mata iso da kanka. In sunan sabis ɗinka mosquitto ne rubuta: kubectl port-forward --address 0.0.0.0 svc/mosquitto 1883:1883. Kar ka manta wancan 0.0.0.0 ɗin, nan mutane da yawa suke faɗawa, in babu shi laftof ɗin ce kaɗai zata iya magana da sabar. 1883 kuma ita ce ƙofar da MQTT, yaren da na'urar ke magana da Mosquitto da shi, ya saba bi. Daga nan ka buga ipconfig ka kwafo adireshin laftof ka saka a cikin kod ɗin na'urar, ba localhost ba, don a wajen ESP32 localhost na nufin ita kanta. Adireshin nan yana iya canzawa in ka kashe hosfot ka kunna, ka riƙa dubawa. In Windows ta fito da akwatin tambaya ko a bar shiga, ka yarda mata. Sannan hosfot ɗin ya zama kan 2.4GHz, irin ESP32 ɗin da ta cika kasuwa bata ganin 5GHz sam, na taɓa ɓata yini guda akan wannan ina zagin kod ɗin da bai yi min laifin komai ba.

Akwai wani tarko da ke jiranka a gaba. Tun daga Mosquitto 2.0 da ya fito a 2020, in baka bashi saiti ba baya sauraron kowa sai na cikin ɗakinsa, zaka gani a kubectl logs yana cewa local only mode. Ta port-forward zai iya yi maka aiki ka ɗauka an gama, ranar da ka koma NodePort (wata hanyar buɗe ƙofa a Kubernetes) ko sabar haya sai ya rufe maka ƙofa. Ka rubuta listener 1883 da allow_anonymous true a mosquitto.conf ka shigar ta ConfigMap, wato ma'ajiyar saiti ta Kubernetes. Na biyun nan, allow_anonymous, kowa yake bari ya shiga ba fasuwod, na gwaji ne kawai fa, in zaka fita intanet ka sa suna da fasuwod.

Maganar data kuwa, daina minikube delete, duk abin da ka sauko a cikinsa tare suke tafiya. minikube stop ya isheka, gobe ka tada shi. Ranar da ka shiga birni ka samu waifai mai kyau ka sauko da komai, kayi docker save ka ajiye a filas, ka dawo gida kayi minikube image load. Kuma ka sa lambar siga a maimakon latest, don da latest Kubernetes sai ya leƙa intanet duk sanda zai tada kwantenar, in netwok ya ɗauke kaga ImagePullBackOff alhalin kayan suna nan a hannunka.

Amma tsakani da Allah ƙanena, minikube shi kaɗai yana son ram 2GB da sifiyu 2 da fili 20GB, ka haɗa da Windows da Docker a kan 4GB, jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. In dai gonar Baba ce damuwarka, na'ura ɗaya saba ɗaya, docker run -p 1883:1883 da fayil ɗin saitin nan ya wadatar. In kuma Kubernetes ɗin kake son koya saboda aiki, ka saka Linux a gefe ka gwada k3s, shi ma Kubernetes ne amma yafi sauƙin nauyi sosai. Ka rubuto mana in ta haɗu, ka faɗa mana lambar da take bayarwa bayan an sako ruwa.