Akwatina ya ƙi zama a kan takarda

Tambaya: Malam, ina son zane ƙwarai, amma duk akwatin da na zana sai ya fito a karkace, gwangwanin madara kuma bakinsa kamar an take shi. Ko hannuna ne bai faɗa ba? Daga wani ɗalibin sakandare a Gusau.

Amsa: Ɗana, hannunka lafiya lau. Abin da ka sani kake zanawa, ka bar abin da idonka ke gani. Ka san gefunan akwati tsawonsu ɗaya, sai ka ja su daidai wa daida, alhali na nesa ya fi gajarta a ido.

Gobe ka tsaya a ƙarshen barandar azuzuwanku ka miƙa ido. Za ka ga daɓe yana hawa, rufi yana sauka, ginshiƙai suna ƙanƙancewa, duk sun nufi wuri guda. Wurin nan daidai tsayin idonka yake. Ka tsuguna, shi ma zai sauko. Shi ya sa ba na barin ɗalibina ya fara akwati sai ya ja layin ido a kwance, ya ɗiga ɗigo a kansa.

Sai ka zana murabba'i a ƙasan layin, ka ɗauki rula ka ja layi marar nauyi daga kowace kusurwa zuwa ɗigon, sannan ka yanke bayan akwatin inda kake so. Da yake yana ƙasan idonka, samansa zai bayyana. Ka ɗaga shi sama da layin, gindinsa za ka gani. In kuwa kusurwar akwatin ce ke fuskantarka, ɗigo biyu za ka sa, dama da hagu, nesa da juna sosai. Matse su wuri ɗaya shi ke sa akwati ya yi tsini kamar gatari. Layukan tsaye dai a tsaye za su zauna.

Wannan ilimi ya daɗe. Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya bayyana a Alƙahira tun ƙarni na 11 cewa haske ne ke shigowa ido a miƙe. A ƙarni na 15 magini Brunelleschi ya gwada dabarar ɗigon a birnin Florence na Italiya, wani masani ɗan Italiya mai suna Alberti kuma ya rubuta ƙa'idarta a 1435.

Gwangwaninka fa? Ɗauki faifai ka riƙe shi a kwance daidai idonka, layi kawai za ka gani. Sauke shi a hankali, zai riƙa buɗewa. To, in gwangwani yana ƙasan idonka, gindinsa ya fi bakinsa nisa da layin ido, don haka ya fi shi lanƙwasa. Kada ka ja gindin a miƙe, kada kuma ka yi wa gefen bakin tsini.

Ka ajiye kwalin ashana a tebur ka zana shi sau uku: kana tsaye, kana zaune, kana tsugune. Ka aiko mini in gani.