Gas ɗin R600a da R290: amsar tambayar Sani

Sani na ga saƙonka. Ka ce an kawo firiza mai R600a gas ɗinta ya zube, wani a layinku ya ce ka ɗura mata gas ɗin girki tunda duk abu ɗaya ne kuma ya fi araha, sannan kana so ka ji ko doka ta hana irin wannan gas ɗin. To kar ka kuskura ka ɗura, bari in maka bayani.

Mutumin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, R600a isobuten ne, R290 kuma furofen, 'yan gida ɗaya ne da na girki. Amma na girki haɗe-haɗe ne, ba ka san nawa furofen nawa buten a cikin silindar ba, ga danshi ga datti ga sinadarin warin nan da ake sa masa, danshin zai je ya daskare a kafilari, siririn bututun nan da gas ke bi, ya toshe, firiza ta yi sanyi yau gobe ta ƙi, bayan ɗan lokaci kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin, ya lalace kuma kai za a zo a tsare a shago. Na firij tacacce ne shi ya sa ya fi tsada, kuma abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne ba a sa masa wari. Matar gida in silindarta na yoyo hancinta zai gaya mata, kai kuwa kana tsugune bayan firiza gas na kwarara ba ka ji komai ba.

Kuma ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya, ƙarƙashin benci, cikin kwata, daidai inda muke yada soket da waya. Da ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa, ko na rile mai tayar da kwamfireso ko tamostat mai daidaita sanyi ko makunnin kwan lantarki ko janareta da wani ya ja a bakin ƙofa.

Don haka kafin ka taɓa komai duba takardar da ke jikin kwamfireso, za ka ga sunan gas ɗin da alamar harshen wuta a cikin kusurwa uku mai ruwan ɗorawa, giram nawa take ci kuma yana jikin lambar firizar. Fito da ita inda iska ke kaɗawa. Kar ka sa wutar walda ka ciro draya, matatar da ke tsotse danshi, yadda ka saba da gas ɗin R134a, yanke fayif ɗin da kota, ka sa tiyo gas ɗin ya fita waje nesa da wuta, ka ja bakum, wato ka zuƙe abin da ya rage a bututun da famfo, ka hura naitirojin, sannan ka kunna wuta, don ko an ce maka gas ya ƙare akwai saura a narke cikin man kwamfireso kuma da ya ji zafi zai fito. Wajen caji, wato ɗura gas, sikeli za ka sa ba geji mai auna matsin gas ba. Firij ɗin gida yawanci giram 40 zuwa 80 ne kacal, ka wuce da giram 10 ka ɓata aiki, kuma allurar geji tana iya sauka ƙasa da sifili firij na lafiya lau, yara da yawa a nan suke ruɗewa su yi ta ƙara gas. Yoyo kuma da kumfar sabulu ake nema, wallahi duk ranar da na ga laita a hannunka a kan wannan aikin sai dai ka nemi wani ogan.

Maganar doka, ba a hana irin wannan gas ɗin na R600a da R290 ba, hasali ma can duniya ta dosa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta kori R12, tsohon gas ɗin firij, R22 na AC ma ƙasashe irin namu za su gama da shi a 2030, sai gyaran Kigali na 2016 ya ce a rage su R134a da R410A saboda ɗumamar yanayi, Najeriya tana cikin duka biyun. Jamus ta fara firij mai wannan gas ɗin tun farkon shekarun 1990, shi ya sa yawancin na hannu da ke shigo mana daga Turai R600a ne. Abin da aka ƙayyade shi ne yawa, da kuma irin na'urar. Ƙa'idar duniya ta firij ɗin gida giram 150 ne iyaka. Amurka sai 2011 ta yarda da shi a firij, shi ma giram 57, a 2018 ta ɗaga zuwa 150, amma ɗura shi a AC na mota ko na gida da aka ƙera don wani gas ɗin haramun ne a can.

Nan ne ma nake jin tsoro a wajenmu, masu ɗura R290 a tsohuwar AC ta R22 don yana sanyi kuma ba ya jan wuta sosai. Gaskiya yana sanyi. Amma yi lissafi, AC mai doki ɗaya da rabi za ta ci wajen giram 400 na R290, furofen kuma giram 38 a kowace mita kubik ya isa ya kama, ɗaki mai mita 3 da 3 ƙofa a rufe taga a rufe mutane na barci a kan katifa a ƙasa, in fayif ya fashe gas ɗin ya isa ya cika daga ƙasa zuwa ƙugunka, kuma kayan wutar cikin AC ɗin ba a rufe su don wannan gas ba. A New Zealand a 2008 wani katafaren ɗakin sanyi a Tamahere da aka mayar kan furofen ya fashe, jami'in kashe gobara ɗaya ya mutu bakwai suka ji ciwo, sun shiga ba su ji warin komai ba. In irin haka ta faru da gidan kwastoma a nan ba mai tambayar me doka ta ce a Amurka, wanda ya yi caji na ƙarshe za a nema.

Firizar nan ka bar ta zuwa gobe, ka sayo gwangwanin R600a na gaske da sabon draya, ka duba batirin sikeli. In mai ita ya zo ka tambaye shi ko da wuƙa ake ɓamɓare ƙanƙara a gidan, don ina zargin nan ramin yake.