Ga mai tambayar yaron shago da talla a waya

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce shagonki na atamfa da mayafai a Kurna ya shekara huɗu, ciniki ya tsaya cak, kina neman shawara ko ki ɗauki yaro ko ki fara talla a waya. Ni shadda da yadi nake sayarwa a Gwammaja, nan Kano, a Kantin Kwari nake sari, kuma duk biyun na gwada.

Ki fara da wayar. Ita ce za ta nuna miki ranar da kike bukatar yaro.

Ni a 2020 na fara, lokacin kullen korona da aka rufe kasuwanni. Hoton kaya kawai nake ɗorawa a WhatsApp. Da aka buɗe gari sai na gane waya cin lokaci gare ta. Mutum zai ce a turo masa kala goma, ka sauko da su, ka ware, ka ɗauka, ka tura, ya ce "bari in yi shawara", ba za ka ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ga wani tsaye a gabanka da kuɗinsa a hannu, har ya gaji ya leƙa maƙwabta. Ranar da hakan ya fara faruwa da ke, to lokacin ɗaukar yaro ya yi.

Na farko da na ɗauka ɗan ƙanwata ne. Yaron kirki, wallahi, amma abokansa duk suka yi ɗinkin Sallah da bashi, ni kuma ba halin in yi faɗa, sai magana ta koma gida. Laifina ne, don ba ni da littafi, ban san yadi nawa ya shigo ba balle nawa ya fita. Na biyun sai da wani dattijo a unguwarsu ya tsaya masa, muka rubuta sharaɗi a gaban shaida: albashi kaɗan, da la'ada a kan duk cinikin da ya kawo ta waya. A Kwari da yawa har yanzu suna kan tsarin da, yaro ya yi shekaru sannan ubangida ya sallame shi da jari. Tsari ne mai kyau, amma ƙaramin shago irin namu ba zai iya ɗaukar wannan alkawarin ba, gara la'ada.

Layin wayar ya zama na shago, da sunanki aka yi masa rajista. In yaro ya tafi da layinsa, ya tafi da kwastomominki. Kuɗi ma kada su shiga asusunsa ko sau ɗaya. Ni na yi wa sunan shago rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, na buɗe asusu da shi, kuma mai saye daga Abuja ya fi sakin jiki in ya ga sunan shago ne ya fito.

Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 wani ya zo da babbar riga yana ƙamshi, ya nuna min rasit a wayarsa, ya ce matsalar sabis ce, yanzu kuɗin za su shigo. Shadda yadi ashirin ya ɗauka. Har yau ina jiran sabis. Kaya ba sa fita sai kin ga kuɗi a asusunki da idonki.

Hoto kuma ki ɗauka da hantsi a bakin ƙofar shago, kada a yi masa kwalliya. Fitilar shago tana mayar da ruwan toka kamar shuɗi, kaya su je a dawo miki da su. Ki rubuta farashin turmi a ƙasa, zai rage miki "nawa ne?" sau ɗari.

Kai kaya kuwa, cikin gari mai babur ɗaya na amana ya ishe ki. Na Kaduna da Abuja a tashar Unguwa Uku nake bayarwa, in ɗauki lambar direba da ta mota in tura wa mai kaya, kuɗin mota a kansa.

In za ki fara, ki fara tun Rajab. Azumi na yin nisa teloli ke daina karɓar ɗinki, masu sayen atamfa kuma su ja baya.